Dawa Mai Hula

Mutanen ƙauyenmu dawa mai hula suke ce mata. Idan ka baro Ajingi ka saki kwalta ka bi burji, kafin ka kai gidajenmu za ka hango ta a hannun dama. Wani siririn fili ne tsakanin manyan gonaki biyu, kowace zangarniya a cikinsa an kifa mata jakar takarda, an ɗaure wuyanta da zare, ga ɗan guntun roba mai lamba yana reto a jiki. Masu wucewa sun yanke hukunci tun tuni cewa maganin tsuntsaye ne, irin wahalar da 'yan boko ke ɗora wa kansu. Ban taɓa gyara musu ba. Mutumin da ya riga ya san amsa ba ya son a dame shi da bayani.

Ni ce mai dawar. Sunana Hamdiyya, ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Gaya, inda nake aure, kuma na daɗe ina jan karatun digiri na uku a Kano, har ƙannena sun daina tambayata yaushe zan gama. Duk karatun nan a kan hulunan nan ya rataya.

Abin da nake bincike ba shi da wuyar faɗa, sai dai ina farawa mutane kan tuna suna da waya a hannu. A cikin kowace ƙwayar dawa akwai dogon zaren da ake kira DNA, a jikinsa ƙwayoyin gado suke jere, kowace da aikinta. Kowace tana da gaba tana da baya, ta fuska ɗaya ake karanta ta. A bayanta kuma akwai wani yanki na zaren wanda aikinsa ba da umarni ne kawai: tashi yanzu, dakata, yi aiki a ganye, kar ki yi a saiwa. Idan ƙwayoyi biyu suka jeru ɗaya na bin ɗaya, kowace da nata mai umarnin, ba ruwan wata da wata. Amma idan suka ba juna baya, kowace ta fuskanci nata ɓangaren, yankin da ke tsakaninsu ya zama na tarayya. Duk canjin da ya faɗa masa, su biyun ya taɓa. Tambayata ita ce ko wannan zaman na baya da baya yana hana yankin canzawa yadda ya ga dama, kuma me hakan ke yi wa shukar.

A tsohuwar kaurar gidanmu, irin da kakana ya bari, na tarar wani guntun zaren ya juya, ƙwayoyi biyu da suke bin juna a sauran dawar da na gwada, a nan sun ba juna baya. Sai na haɗa ta aure da farfara, na riƙa bin 'ya'yansu da jikokinsu damina bayan damina. Hular tana hana furen wata dawa shiga, don kowace zangarniya ta haifi nata ita kaɗai. Lambar kuma ita ce asalinta, ita ke gaya min wace ce uwarta, wace ce kakarta. Idan aka raba zangarniya da lambarta, ta koma dawar tuwo.

Mutum ɗaya ne ya taɓa sauraron wannan bayani har ƙarshe bai yi hamma ba, shi ne Babana, Malam Maiwada. A bakin gona na yi masa, ina zana layi a ƙasa da tsinke. Da na zo kan ƙwayoyin da suka ba juna baya sai ya yi dariya har yana riƙe gwiwa.

"Ashe har a cikin dawa akwai ni da Tukur," ya ce.

Baffa Tukur ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Gidajensu katanga ɗaya ce ta raba, amma ƙofarmu gabas take kallo, tasu yamma, idan za ka je gaishe shi sai ka zagaye layi guda. Babu wanda zai iya nuna ranar da suka yi faɗa, don ba su taɓa yi ba. Suna gaisawa a masallaci, suna zuwa sunan juna, shi ke nan. Ban taɓa ganinsu suna cin abinci a kwano ɗaya ba. Siririn filin nan kuwa, da muke kira gonar tsakiya, shi ne abin da ba a raba ba daga gadon kakanmu, ba mai iya dasa ko tsinke a ciki sai da yardar ɗayan. Da Baba ya nemi izinin in yi shukata a wurin, Baffa ya ce to, bai ƙara ko harafi ba, bai kuma taɓa leƙowa ya ga me muke yi ba.

Baba ne mai sa hula. Ni ina Gaya da aji, dawa kuwa ba ta jiran ranar hutu idan za ta yi fure. Kullum da safe yana zagayawa, duk wadda ta leƙo ya kifa mata jaka ya ɗaure. Yana da wani ɗauri nasa, iska ba ta kwance shi, kuma ba ya shaƙe kara. Ni dai ban taɓa iya warware shi ba. Duk kaka da reza nake bi ina yankewa ina zubar da zaren, shi kuma yana bayana yana mita, wai mai digiri biyu ta kasa kwance igiya.

A bara ajiyata ta ɗakin gwaji ta lalace. Wuta ta ɗauke ta daɗe, firjin ya zama akwati, ƙwari suka yi biki a ciki. Abin da na tsira da shi, shi na shuka a bana gaba ɗaya, ban rage ko cikin cokali ba. Wannan ce kuma daminar ƙarshe. In na yanke kowace zangarniya da lambarta, na kai Kano, na tsirar da su na karanta zarensu, na gama. Mun yi da Baba ranar Asabar zan zo mu yanka tare.

Ranar Laraba da hantsi ina rubutu a allo aka kira ni a waya. Wai Baba ya dawo daga gona, ya zauna a zaure, ya ce ƙirjinsa ya riƙe, kafin a samo mota an gama. Na ce to, na mayar da wayar cikin jaka, na ƙarasa jimlar da nake rubutawa har da ɗigon ƙarshe. Sannan na ce wa 'yan aji su kwafa.

Mijina Kamilu ne ya kai ni. A hanya yana ta ba ni haƙuri, ni kuwa ina kallon gonakin mutane ina lura da wanda ya girbe da wanda bai girbe ba. Na samu an yi masa wanka. Na shiga na gan shi, na yi masa addu'a, na taɓa ƙafarsa ta cikin likkafani. Na tsaya ina jiran kukan ya zo, kamar yadda ake jiran mota a bakin titi, har aka ce in matsa za a fita da shi.

Daga nan sai zama. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, na zauna kusa da Inna, mata suna shigowa suna fita. Ya haƙuri, mun gode Allah. Allah ya jiƙansa, amin. Bakina ya koyi aikin, ya riƙa yi ba da ni ba. Ƙannena suna kuka har muryarsu ta dishe, ni ina miƙa wa baƙi ruwa. Na ji wata tsohuwa tana yaba tawakkalina, ta ce ilimi ya yi rana. Da ina da ƙarfi da na gaya mata ba tawakkali ba ne, babu komai ne a wurin, kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta.

Abu ɗaya ne yake zuwa min a kai, shi ma ba da zafi ba: dawar ta bushe. Na san idan mutane suka kwashe amfaninsu shanu za su shigo, na san jakar takarda ba ta tare bakin saniya. Tunanin yakan zo ya zauna, in dube shi, in ji kunya kaɗan, ya tashi ya tafi. Ta yaya 'yar mamaci, babbar 'yarsa ma, za ta tashi daga tabarmar makoki ta ɗauki wuƙa ta nufi gona? Da an samu abin faɗa har jikokina. Malamin da ke duba aikina ya kira daga Kano ya yi ta'aziyya mai kyau, ya yi gyaran murya, sannan ya tambayi irin. Na ce masa bayan addu'ar bakwai. Na roƙi Kamilu ya bi ta wurin idan zai koma Gaya, ya kira ni ya ce duk suna nan da hulunansu kamar masu jiran ɗaurin aure. Na ce madalla. Ban yi wa kowa maganar ba bayan shi, don wanda ya san ma'anar hulunan a garin nan mutum ɗaya ne, kuma ga inda yake.

Baffa Tukur shi ya riƙe komai a kwanakin nan. Shi ke zaune da maza a ƙofar gida, shi ke karɓar baƙi, shi ke aikawa a sayo abin da ya ƙare. Safe da yamma yakan shigo ya durƙusa daga nesa ya gaishe da Inna, ya tashi ya fita. Idonsa a bushe kamar nawa. Idan ya juya zai fita, ƙeyarsa da yadda yake jefa ƙafar hagu sak na Baba, na lura da wannan ma, na ajiye shi gefe tare da sauran abubuwan da nake lura da su.

Ana gobe bakwai, da hantsi, na ji ƙarar inji daga wajen gonaki. Na ga matan gidan Baffa suna fita da manyan kwanuka a ka. Wata ta ce ai Baffa ne ya kira gayya, duk majiya ƙarfin unguwa sun fita girbe wa marigayi, har da injin sussuka ya ɗauko daga Ajingi don a gama a yini ɗaya, a fitar da zakka, iyali su huta da tunani. Mata suka yi ta sa albarka. Ni ma na ce Allah ya ba da lada. Babbar gonar Baba ce ta zo min a rai, ita kaɗai. Maganar ta wuce ta gabana kamar yadda komai yake wucewa a makon nan, ban miƙa hannu na tare ta ba.

Bayan la'asar amalanke ta fara sauke buhuna a ƙofar gida, samari suna shigowa da su suna jerawa a jikin rumbu, jikinsu duk ƙaiƙayi. Inna ta dubi buhunan ta fashe da kuka, ta ce Malam bai taɓa kwashe amfaninsa da wuri haka ba. Can sai aka ce Baffa yana kirana a zaure.

Na same shi a tsaye, da wani ƙunshi a hannu cikin tsohon buhu. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa sannu da aiki. Ya tsuguna ya buɗe ƙunshin a gabana a hankali, kamar mai nuna kayan lefe. Jakunkunan takarda ne, an ninke kowace an danne, an jera su tsaf. Lambobin roba an zura su a igiya ɗaya kamar carbi. A gefe kuma ga zarurrukan, an tattara su dami guda.

"Ga kayanki, Hamdiyya. Ko ɗaya ba ta yage ba."

Na dubi jakunkunan. Ta sama tana da rubutun hannuna.

"Dawar fa, Baffa?"

"Tana cikin 'yan'uwanta," ya ce, ya nuna cikin gida da haɓa. "Ba mu bar ko zangarniya ɗaya a gona ba."

Ya ci gaba da bayani, shi da ba ya magana. Ya ce ya san samarin yanzu, da an bar su da fizge jakunkunan za su yi su yayyaga, shi kuwa ya ga irin wahalar da Yaya yake sha a kansu, kullum yana hangensa daga gonarsa. Shi ya sa ana idar da sallar asuba ya riga kowa fita, ya shiga gonar tsakiya shi kaɗai, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Kafin 'yan gayya su iso ya gama cire wa kowace hularta.

Maganganu suka taso suka jeru a maƙogwarona, ina jin su. Baffa, wa ya aike ka? Baffa, shekara nawa kana wucewa ta wurin nan ba ka tambaya ba, sai yau? Jakar nan a kasuwa ake sayar da ita, abin da ke cikinta ne babu shi a ko'ina a duniya. Ni mai faɗa ce, kowa ya sani, na taɓa tsayar da taron malamai a kan alli. Na jira fushin ya ƙaraso ya ɗauki maganganun ya fito da su. Bai zo ba.

"Ba a yanka zaren ba," na ce. Ban san me ya sa wannan ce ta fito ba.

"Wa zai yanka?" Ya ɗauki zare ɗaya ya murza a yatsa. "Ɗaurin Babanmu ne wannan. Tare ya koya mana, a kan dami, muna yara. Duk garin nan ba mai kwance shi sai ni." Ya juya zaren a tafin hannunsa. "Na ɗauka ya manta da shi. Ashe shi yake yi."

Sai a lokacin na ga hannunsa. Farcen babban yatsansa ya tsage har cikin nama, jinin ya bushe ya yi baƙi. Yana ta kallon zaren. Mutumin da ya wanke ɗan'uwansa ya sa shi a kabari ido a bushe, ga shi tsugune a zaurenmu ya kasa ɗago kai saboda igiya. Na gane inda ya yi nasa makokin, a gonar tsakiya, shi kaɗai, da sassafe, ɗauri bayan ɗauri. Tausayinsa ya kama ni, kuma shi ne abu na farko da na ji sosai tun ranar Laraba. Na so a ce wani abin ne daban.

"Allah ya saka da alheri, Baffa. Allah ya bar zumunci."

"Za su yi amfani baɗi, ko?"

"Za su yi."

"To gonar tana nan," ya ce, ya miƙe yana kaɗe riga. "Ki kawo irin kawai. Ni zan riƙa ɗaura miki."

Na ce to. Ya fita ya zagaya layi ya tafi gidansa.

Da na koma ciki na je wurin buhunan, na kwance bakin ɗaya na tura hannu har wuyan hannu. Dawar da ɗuminta. Na ɗebo na duba: ga ja, ga fara, ga masu ruwa biyu, an gauraya su da ta babbar gona. Duk suna nan, ko ƙwaya ɗaya ba ta ɓata ba. Wata a tafin hannuna ƙwayoyin gadonta sun ba juna baya, wata suna bin juna, kowace da tsatson da na bi tun daga kakannin kakanninta, kuma babu mai iya gaya min wace ce wace. Na mayar da su na ɗaure buhun, don kar kaji su samu.

Washegari aka yi addu'a. Daga sabuwar dawar aka ɗiba aka surfa aka kai niƙa, aka yi tuwon sadaka da miyar kuka, wai marigayi ya samu ladan abin da ya noma da hannunsa. Aka ajiye min nawa a gaba. Na ci, na kuma cinye. Tuwon ya yi daɗi, ya yi laushi, mata suna ta cewa kaurar gidan nan daban ce. Wayata ta yi ta ruri a cikin jaka, na ga sunan malamina, na bar ta ta gaji don kanta.

Da baƙi suka ragu na shiga ɗakin Inna na jawo ƙunshin Baffa. Jakunkunan da lambobin na tura su ƙarƙashin gado. Zarurrukan na zuba a cinya. Kowanne yana nan da lanƙwasarsa, inda ɗaurin ya zauna wata da watanni, sai na ɗauki ɗaya na gwada bin lanƙwasar ko zai koma yadda yake. Ya ƙi. Na tuna tarin da na yanke da reza a kakar bara da ta bara waccan, na watsar a kunyoyin gona, Baba yana bayana yana mita.

Sai na fara bin su ɗaya bayan ɗaya ina dubawa, ko akwai wanda Baffa ya tsallake, ko guda ɗaya da ya zare ta sama bai kwance ba, in samu ɗaurin Baba yadda ya bar shi. Na bi damin har ƙarshe, na sake bi daga farko. Wajen tsakiyar zagaye na biyu na daina ganin zaren sosai, sai da yatsa nake lalubawa, Inna tana daga ƙofa tana kallona.

Babu ko ɗaya. Baffa mutum ne mai cika aiki.